Ranar da Aka Ja Igiyar Alƙibla

Labarin masallacin sabuwar unguwa iri biyu kuka ji, kuma duka biyun ba gaskiya ba ne. Mutanen gari suna cewa tsufa ne ya ci idon magini Maso Idi, wato ni, har ya karkatar da alƙibla bayan shekaru masu yawa yana gini a Dogon Dutsi. Ku kuma nan cikin gida kuna cewa Baba ya ɗauki laifin ɗansa ya ɗora wa kansa, ɗan ya rasa abin da zai saka masa da shi sai barin gari. Na farkon bai dame ni ba, wanda ya daina hawa tsani ba ruwansa da abin da ake cewa game da idonsa. Na biyun ne yake hana ni sukuni, domin da shi kuke zagin yayanku a bayansa, kuna ce masa butulu, ni kuma ina zaune ina jinku ina shan yabon da ban cancanta ba. Ɗana na rasa a waccan shekara, yana raye, kuma ina so ku san yadda aka yi na rasa shi.

Yayanku ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare shi, don haka bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Tun da ya gama karatun gini a Yamai mutane suka laƙaba masa Injiniya, ni ma na samu sauƙi na bi sahu. Kun san yadda alkunya take a wajenmu: ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa yana ji ba. Amma yana ɗan shekara bakwai ya fara bina shantiye, wato wurin aikin gini, yana miƙo mini igiya, yana tambayata dalilin kowane abu har sai na kore shi. Abin da na faɗa kuwa shi ne ƙarshen magana a wurinsa. In na ce bangon nan zai tsage kafin damina biyu, zai je ya faɗa wa abokansa kamar ya karanto a littafi. Ban san daɗin wannan ba sai da ya ƙare.

A shekarar da nake ba ku labari, samarin kasuwa suka haɗa kai za su gina masallacinsu a sabuwar unguwa, can bayan kwalta. Shugabansu Alhaji Sanusi ne mai kayan babur, yaro mai zafin addini da tsabtar zuciya, sai dai bakinsa ya riga tunaninsa gudu. Suka ce Injiniya zai zana, ni zan gina. Da na ji haka na kwana uku ina murmushi ni kaɗai, innarku tana tambayata ko an yi mini albishir da kujerar Makka ne.

Ya zo daga Yamai da kwamfuta a jaka, aka taru a rumfar Alhaji Sanusi bayan la'asar. Ni takarda nake jira, irin shimfiɗaɗɗen zanen da na saba dannewa da duwatsu huɗu. Sai ya buɗe wata manhaja, ya zaɓi fayil ɗin ginin, sai ga masallaci ya bayyana sukutum, da hasumiyarsa da tagoginsa, yana juya shi da yatsa yadda ya ga dama. A gefen hagu akwai jerin sunaye kamar rassan itace: fili a sama, gini a ƙarƙashinsa, sannan ginshiƙai, bangaye, ƙofofi, kowanne da 'ya'yansa. In ya taɓa suna a jerin, sai abin ya haskaka a cikin ginin. In ya taɓa bango, sai gefen dama ya kawo kaurinsa da tsayinsa da irin bulon da za a sa. Ya ɗage rufin ya ajiye gefe muka leƙa ciki, ya yanka ginin biyu muka ga ƙarfen da ke cikin ginshiƙi. Wallahi abin ya burge ni. Ni da nake ɗauke da gini a cikin kaina shekara da shekaru ba wanda ke gani sai ya tashi, ga ɗana ya fito da nasa kowa na kallo tun ba a haƙa tushe ba.

Da aka zo kan alƙibla sai na ce, to, kafin a ja igiya a bar ni in kafa turke da asuba in dubi fitowar rana, in gwada da tsofaffin masallatan gari, kamar yadda maigidana ya koya mini a Matankari. Ban faɗa don in rage masa komai ba, al'adar aiki ce kawai. Bai ko ɗago kai daga kwamfutar ba.

"Baba, wanga duk an yi kalkil nai, an gama lissahi. Ba a gina masallaci yanzu da 'ina gani'."

Samarin suka kwashe da dariya. Alhaji Sanusi kuma ya ɗora nasa a kai.

"Ku bar tsoho, ƙila doguwa za ya tambaya ina gabas take."

Kun san kakanninmu na Matankari da bautar aljanar nan doguwa, kun san abin da ake yankawa da can kafin a haƙa tushe, kuma kun san ni ban taɓa yi ba tun da na san ciwon kaina. Maganar Sanusi ta yi zafi, amma ba ita ta zauna mini ba. Abin da ya zauna mini shi ne na dubi ɗana na ga shi ma yana murmushi. Murmushin kunya ne irin na yaro da ya rasa yadda zai yi a cikin abokai, yau na san haka. A ranar kuwa na haɗiye shi da yawu, ya sauka ya samu wuri.

Aka ja igiya da sanyin safiya a ƙarshen bazara. Yana karanto awo daga kwamfuta, tun daga duwatsun iyakar fili, ni ina kafa turaka. Da na ɗaure igiyar ƙarshe na tsaya a inda liman zai tsaya, sai jikina ya ba ni tun kafin idona. A wannan lokaci na shekara rana kusan daga kan alƙibla take fitowa, duk maginin garin nan ya san haka. Ga rana can ta ɓullo ta hannun hagu, ga igiyarmu ta nufi dama abinta. Ba karkata ce ta yatsa biyu ba, karkata ce da ko makaho zai ji a kumatunsa in ya tsaya. Na buɗe baki, sai na ji muryarsa a kunnena tana cewa ba a gini da ina gani. Na rufe bakina. Ya tambaye ni ko akwai wani abu, na ce babu, a haƙa.

Na gaya wa kaina ƙarya kala-kala a wannan safiya. Na ce alkunya ce, uba ba ya gyara wa ɗan fari a gaban jama'a. Na ce ƙila idona ne, ai na'ura ta fi ni ilimi. Na ce gobe zan ja shi gefe. Amma can ƙasan duka akwai wata ƙaramar murya da take cewa, bari ya gani. Wannan muryar ce gaskiya, sauran duk mayafi ne.

Gobe ba ta zo ba, domin washegari Injiniya ya koma Yamai wurin aikinsa. Ya bar mini wata tsohuwar kwamfutarsa da manhajar a ciki, ya zauna da ni a zaure ya koya mini da haƙuri: nan ake buɗe fayil, nan ake ɓoye abu, nan ake dawo da shi, wannan ƙaramin ma'aunin kuma in ka taɓa wuri biyu zai ba ka nisa, in ka taɓa uku zai ba ka kusurwa. Ya ce kada in ji tsoro, manhajar ta kallo ce kawai, ba zan iya ɓata masa gini ba ko na danna me. Na ce masa ni da aka ce doguwa nake tambaya ina ni ina wannan. Ya sunkuyar da kai. Nan ne wurin da ya kamata ɗayanmu ya yi magana, kuma ni ne babba.

Cikin mako biyu na iya abin har ina ba kaina mamaki. Kullum da rana tsaka, in leburori sun tafi cin abinci, sai in zauna a inuwar bango in buɗe, in bi jerin nan reshe-reshe. Na san kowace taga, na san inda ya rage ƙarfe da inda ya ƙara, kuma ina faɗa muku aikin yaron nan mai kyau ne, ban samu abin kushewa ba ko ɗaya a jikin ginin. Wata rana sai zuciyata ta ce in nemi inda gizo ke saƙar. Na ɓoye rufi, na ɓoye ginshiƙai, na ɓoye ƙofofi da tagogi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga bangon alƙibla sai filin da hanyar da ta bi gabansa. Na juya na dube su daga sama kamar tsuntsu. Sai ga hanya kwance sambal daga gabas zuwa yamma. Na ɗaga kai na dubi hanyar gaske da ke gabana, wadda na bi da ƙafa tun tana turbar jakai, wadda kowa ya san a karkace ta ratsa unguwar. Shi ke nan abin ya fito fili. Takardar filin da aka ba shi daga meri, ofishin magajin gari, mai zanen ya kwantar da hanyar a ƙasan takarda don ta yi masa sauƙi, yaron kuma yana can Yamai ya ɗauka saman takarda shi ne arewa. Lissafinsa na alƙibla daidai ne, arewarsa ce ba arewa ba. Na ɗauki ɗan ma'aunin nan na taɓa wuri uku, tsakanin hanya da bango, ya ba ni kusurwar a rubuce da jan layi. Na daɗe ina kallonta. A lokacin bango bai wuce gwiwa ba, kwana biyu sun isa a rushe a sāke. Na rufe kwamfutar na kira leburori muka ci gaba da ɗora bulo.

Innarku, Allah Ya jiƙanta, ba a ɓoye mata abu. Ta ga ina tura tuwo gefe, ta ga na daina ba ta labarin aiki, ni da nake cika mata kunne da shi. Wata safiya tana miƙo mini koko ta tsaya a kaina.

"Malam, in wani abu na ga aikin yaron ga, ka hwaɗa mai tun da wuri. Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi."

Na ce mata ba komai, zafi ne. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai awon gero in ya danne mudu da yatsa, ta ɗauki kwanonta ta shige. Kuma kada ku ɗauka ina jin daɗi a kwanakin nan. Kowane layin bulo da ya hau, maganar tana ƙara nauyi. Da bango ya kai gwiwa ina iya cewa yanzu na lura. Da ya kai taga sai an tambaye ni ina idona yake tun farko. Da aka zuba linta a saman tagogi da ƙofofi kuwa na daina tunanin faɗa, na koma roƙon Allah Ya rufa asiri, ni da na karkatar da ɗakinSa da sanina.

An ɗora rufi saura shafe, Alhaji Sanusi ya kawo wani malami baƙo daga Birnin Kabi ya ga aiki. Azahar ta riske su a ciki. Malamin ya ciro wayarsa ya ajiye a ƙasa a wurin tsayuwar liman, ya juya ta, ya matsa ya sāke ajiyewa, sannan ya karkata jikinsa hagu ya ta da kabbara yana fuskantar kusurwar ɗaki. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa. Aka kira Injiniya, ya hau motar farko. Na tarye shi a tasha na ga leɓɓansa sun bushe kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. A lokacin ne aka fara ba shi manyan ayyuka a wurin aikinsa, ga maganar aurensa an sa rana. Injiniyan da ya kasa gane gabas a garin ubansa, wa zai sāke ba shi ko kewaye ya zana?

A rumfar nan dai aka sāke taruwa. Samarin da suka yi dariya ran nan, yau ba mai ko murmushi, wasu har suna cewa a rushe, wasu suna cewa a kai magana gaba. Yaron ya miƙe zai yi magana, na riga shi.

"Ni naj ja igiya. Awon yaro daidai na, idona na yay yi man ƙarya wurin kahwa turaka. Ku bar shi, ku kama ni."

Ba wanda ya yi gardama, domin ya fi musu sauƙi a ce tsoho ne da a ce na'ura ce. Sanusi ya faɗi abin da ya faɗa, ban riƙe shi ba. Malamin baƙon ne ya raba gardamar rushewa, ya ce a ja layukan sahu a karkace a kan daɓe, salla ta inganta. Haka aka yi, haka yake har yau. Daga ranar ba wanda ya sāke kirana gini sai gyaran katangar da ruwa ya ci. Na dawo gida innarku ta riƙe hannuna tana hawaye, ku kuma kuna kallona kamar waliyyi. Ni ma har na fara yarda cewa na biya.

Kashegari da hantsi Injiniya ya same ni a zaure. Ya durƙusa ya yi mini godiya, ya ce ya san ba ni ba ne, ya ce yana so ya gano inda ya kuskure don kada ya sāke. Tasa kwamfutar ya baro Yamai saboda gaggawa, sai ya ce in ba shi wadda ya bar mini. Na miƙa masa ba tare da tunanin komai ba. Ya buɗe fayil ɗin, ya hau can saman jerin ya taɓa sunan fili, ya bi bayanan da ke gefen dama layi-layi, har ya tsaya a kan wanda ke faɗin inda arewa ta gaskiya take. Sifiri ne a wurin, ba a taɓa cika shi ba. Ya dafe kai ya yi salati. Sannan ya buɗe wani gefe da ban san da shi ba, inda manhajar take ajiye duk awon da mutum ya yi har sai ya goge. Ga awon tagogina, ga na ƙofofi, ga na matakala. A tsakiyarsu ga jan layi tsakanin hanya da bangon alƙibla. Ya danna shi, sai ginin duka ya ɓace, ya rage bango da hanya kamar yadda na bar su ran nan.

"Baba, wa yay yi awon ga?"

Na ce ni ne. Ya tambaye ni tun yaushe. Ina iya cewa jiya, bayan magana ta fito, kuma da ya yarda, domin har wannan lokacin bai taɓa jin ƙarya daga bakina ba sai wadda na yi don in cece shi. Na ce masa tun bango bai wuce gwiwa ba, kuma na sani tun ranar igiya. Bai tambaye ni dalili ba. Ina ganin ya sani. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya ɗora hannuwansa biyu a kanta.

"Da ka mare ni gaban mutane ran nan, Baba, da ya hi man sauƙi."

Ya tashi ya shiga ya yi wa innarsa sallama, ya hau motar la'asar. Bai gaya mata ba, bai gaya wa ko ɗayanku ba, har yau da nake rubuta wannan. Ya bar ku kuna ce masa butulu shekara da shekaru don kada ku san abin da ubanku ya yi. To ku auna da kanku wanda ya rufa wa wani asiri a tsakaninmu. Bayan aurensa ya nemi aiki a Kwatano ya tafi, yana aiko da gaisuwa da abin alheri, yana kira ranar salla ya tambayi ƙafata da idona. Ladabinsa bai ragu da komai ba. Na roƙe shi gafara a waya ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda ya yafe. Tambaya ce kawai ya daina yi mini.

Da innarku ta rasu ya zo, kun gan shi. Bayan addu'ar arba'in ya ce yana so ya gina ɗan ƙaramin masallaci a ƙofar gida, don ladan ginin ya kai gare ta. Ɗaki ɗaya ne, ba ya bukatar zane. Muka fita da asuba mu biyu, kafin ku tashi, shi da igiya ni da turaka. Na tsaya na dubi inda rana za ta ɓullo, na dubi hancin dutsen garinmu, na kafa turke, na matsar da shi kaɗan, na buga. Wannan karon ban jira a tambaye ni ba. Na ce masa nan ne alƙibla, na yi rantsuwa da Allah a kai, abin da ban taɓa yi a kan aiki ba.

"To, Baba. Na gode."

Ya ɗaure igiyar a turkena da kyau. Sannan ya ɗan juya mini baya, don kada in gani, ya ciro wayarsa ya ajiye a ƙasa ya auna. Daidai ne turken, bai matsar da shi ko yatsa ɗaya ba. Ni kuma na tsaya riƙe da guduma ina kallon ƙeyar ɗana, har ya gama aunawa.